Uwa a Gida, Ɗa a Uwa Duniya: Zullumin Uwa a Littafin Shaihu Umar

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya karanta ƙagaggun labaran Hausa na farko, wato waɗanda suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin jagorancin Rupert East, zai lura da cewa yawancinsu labaran tafiya ne. Namiji ne ke barin gida, mai karatu kuma ya ɗaura ɗamara ya bi shi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji ya bar garinsu ya shiga duniya shekara da shekaru, muna biye da shi yana ta shan artabu da Malam Zurƙe, ba mu cika waiwayawa mu ga halin da mahaifiyarsa take ciki ba. A Jiki Magayi na John Tafida da East akwai uwa wadda ɗanta ya lalace a kan idonta, wato Zainab uwar Kyauta, amma hankalin labarin yana kan gabar da ke tsakanin maza da ramuwar gayyarsu. Littafi ɗaya ne daga cikin biyar ɗin nan ya juya ya dubi wadda aka bari a baya, shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Abin da aka fi tattaunawa a kan wannan littafi shi ne jigon bauta da cinikin bayi, sai kuma haƙuri da darajar ilimi. Ba a yi kuskure ba, domin duk suna nan. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa zullumin uwa a kan ɗanta da ya yi nisa shi ne igiyar da ta ɗaure labarin, kuma hanyar da marubucin ya bi wajen bayyana shi ta samo asali ne daga zaman gidan Bahaushe na karkara, musamman al'adar kunya. Za a kuma duba inda marubucin ya gaza wa wannan uwa, domin ya gaza mata.

2.0 Matsayin Uwar Umar a Zubin Labari

Labarin ya buɗe ne a Rauta, kusa da Bauchi, inda almajirai suka tambayi malaminsu asalinsa, shi kuwa ya shiga ba su tarihinsa da bakinsa. An haife shi a Kagara, wajen Bida. Ubansa baduku ne, ya rasu tun yana ciki, uwarsa kuwa mutuniyar Fatika ce. Daga baya ta auri Makau, wani bafaden sarki, wanda 'yan'uwansa fadawa suka yi wa ƙazafin ɓoye bayi bayan an dawo daga hari, aka kore shi daga gari, ya je ya sami mazauni a Maƙarfi. Kafin matar ta bi mijinta sai ta tafi ganin iyayenta a Fatika, ta bar yaron a hannun ƙawarta. A wannan tsakani aka sace shi. Ya bi hannu daban-daban har ya faɗa Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi kamar ɗa ya tafi da shi Ber Kufa, ya yi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama malami.

Idan aka cire uwar daga labarin, a nan zai ƙare. Yaro ya sha wuya, ya faɗa hannu nagari, ya yi karatu, ya sami ɗaukaka. Babu sauran abin da zai sa mai karatu ya juya shafi. Abin da ya hana labarin mutuwa a tsakiya shi ne cewa akwai wata can a ƙasar Hausa wadda ba ta yarda an gama ba. Ita ce ta bar ɗakin aurenta ta nufi Kano neman labari, ta ji an ƙetare Sahara da shi, ta amince wa Ado wanda ya yi alkawarin kai ta, ya yaudare ta, ta wayi gari baiwa a Murzuk, daga nan aka wuce da ita Tarabulus a hannun Ahmad. Wato ke nan akwai tafiya biyu a littafin. Ta farko tafiyar yaro ce wanda ake ɗauka ana ajiyewa kamar kaya, bai zaɓi ko taki ɗaya daga cikinta ba. Ta biyu tafiyar mace ce wadda ta zaɓa da kanta, tana sane da haɗarin hanya. A ma'aunin da manazarta suke auna tauraro da shi, wato wanda nufinsa yake tura labari gaba, uwar ta fi ɗan cancantar wannan suna, ko da yake sunansa ne a bangon littafi.

Wani abin lura kuma shi ne ƙofar da masifa ta shigo ta cikinta. Ba yaƙi ne ya raba uwa da ɗa ba, al'ada ce ta yau da kullum. Matar da za ta yi ƙaura zuwa wata ƙasa wajibi ne ta je ta yi sallama da iyayenta, kuma barin yaro da aka yaye a hannun ƙawa ko maƙwabciya ba abin tuhuma ba ne a ƙauye, domin ɗa na kowa ne. Marubucin bai tsaya yana zana mana gidan Kagara ɗaki-ɗaki ba. 'Yan abubuwa kaɗan ya ambata, gadon dabbobi, da sake aure, da ganin gida, da amana tsakanin mata, amma sun isa su nuna cewa zaman karkara kansa a kan amana yake tsaye, kuma zamanin hari da sata ya mai da wannan amana tarko. Uwar ba ta yi laifin da za a kama ta da shi ba, amma duk da haka ita ce ta bar shi. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a faɗa masa cewa wannan abu ba zai bar ta ta yi barci ba.

3.0 Kunya da Zullumi

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan ne aka fi yi wa littafin gurguwar fahimta. Wanda ya saba da labaran da ake shiga zuciyar tauraro ana tona abin da ke cikinta zai ga kamar Tafawa Ɓalewa ya yi rowar magana. Ba a ba uwar dogon zance tana bayyana son ɗanta ba, ba a tsayar da labari don a nuna mana tana lissafin kamanninsa ba. Sai a ɗauka ƙuruciyar marubuci ce, tun da lokacin bai daɗe da barin Kwalejin Katsina ba, shekarunsa ba su wuce ashirin da biyu ba. A ganina ba haka abin yake ba.

Umar shi kaɗai ne ɗan da labarin ya nuna mana tana da shi, saboda haka a matsayin ɗan fari mai karatu yake ɗaukarsa. Sanin kowa ne cewa a al'adar Hausawa, wadda ta yi tarayya da ta Fulani a wannan fanni, uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta yi masa laƙabi ko ta ce "yaron nan" ko "wannan". Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta shiga faɗansa, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ce take riƙonsa bayan yaye. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, ta yi bayanin wannan kunya da kuma al'adar riƙo, ita da kanta ba ta haihu ba, 'ya'yan riƙo ta rena. (Abin sha'awa ne cewa Fatika, garin uwar Umar, a yau cikin Ƙaramar Hukumar Giwa take, wato matan biyu, ta gaskiya da ta ƙirƙira, ƙasa ɗaya suka taka.) Baba ta kuma ba da labarin yadda mahara suke kwashe mata da yara, dangi su yi ta fafutukar tara kuɗin wuri don fansa. Duniyar da ta bayyana ita ce duniyar Shaihu Umar, ba ragi.

To, macen da aka hana ta faɗar sunan ɗanta yana gabanta, da wane baki za ta yi kukan rashinsa in ya tafi? Amsar da zaman gida ya bayar ita ce, da aiki. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda uwa take nuna damuwa ba tare da ta ce ta damu ba. Ita ce za ta kwana tana dakan guzuri, ta ƙulla dakuwa da ƙuli-ƙuli da garin kuka, ta miƙa wa ƙanwarsa ta kai masa, ita kuwa ta shige ɗaki lokacin da ake rakiya. Ita ce za ta kai wa malam hatsi a yi rubutu da addu'a, ta toya waina ta raba wa almajirai ranar Juma'a ba ta ce don wane ba. In fatake sun sauka, ba za ta tambayi ɗanta kai tsaye ba, sai ta tambayi lafiyar hanya, da tsadar abinci a can, da ko sun gamu da mutanen garin nan. Kishiyarta ko ƙawarta ce za ta yi tambayar a madadinta. Ƙauna tana nan cike da ciki, harshe ne aka ɗaure, sai ta fita ta hannu da ƙafa.

Wannan shi ne salon da Tafawa Ɓalewa ya ɗauka, ya kai shi matuƙa. Maimakon ya sa uwar ta yi ta magana, sai ya sa ta yi tafiya. Nisan da ke tsakanin Maƙarfi da Tarabulus shi ne ma'aunin abin da ke zuciyarta. Kuma ya kamata a auna nauyin wannan mataki da ma'aunin zamaninsa. Matar aure ce, ta sake haɗuwa da mijinta bayan wahala, tana da ɗaki da abinci. Abin da jama'a za su ce mata sananne ne: ki yi haƙuri, ki bar wa Allah, in yana raye zai neme ki. Fita neman ɗa, balle ɗan fari, keta kunya ne a bainar jama'a, domin ya tona abin da aka umurce ta ta rufe. Saboda haka kuskure ne a jera ta cikin misalan haƙuri kamar yadda ake jera ɗanta. Umar shi ne mai haƙuri. Uwarsa ƙin haƙura ta yi, kuma littafin bai taɓa zarginta a kan haka ba, sai ma ya ja tausayin mai karatu gaba ɗaya zuwa gare ta, musamman a inda ta kai ƙara gaban alƙali tana cewa ita 'ya ce ba baiwa ba, ƙarar ba ta fisshe ta ba.

Bai kamata a manta da lokacin da littafin ya fito ba. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ne kawai, ba a soke bauta ɗungum a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Ashe ke nan sa'ad da 'yan makaranta suka fara karanta Shaihu Umar, akwai tsofaffin mata a ƙauyuka waɗanda aka sace wa 'ya'ya ba su sake jin ɗuriyarsu ba, akwai kuma dattawan da ba su san garin da aka haife su ba. Ga irin waɗannan, labarin ba tatsuniya ba ne.

4.0 Ɗan da ya Girma

Inda littafin ya yi rauni shi ne wajen ɗan. Umar ya girma, ya yi ilimi, ya gaji malaminsa, ya zama abin girmamawa a Ber Kufa. Ba bawa ba ne a ɗaure, kuma uban riƙonsa ɗan kasuwa ne mai zirga-zirga tsakanin can da ƙasar Hausa. Duk da haka ba mu ga ya yi wani yunƙuri na neman mahaifiyarsa ba sai da mafarki ya tayar masa da hankali. Ana iya yi masa uzuri da cewa an sace shi yana ƙarami ƙwarai. Amma mutumin da ya karanta haƙƙin iyaye a littattafai, yake kuma karantar da shi, ya kamata a ce tambayar ta dame shi tun kafin ya yi mafarki. Marubucin ya kauce wa wannan tambaya, ya lulluɓe ta da ƙaddara. Da ya tsaya a kanta, da mun sami tauraro mai jini da tsoka maimakon wanda ba ya kuskure, ba ya kuma nadama.

Haɗuwarsu a Tarabulus ita ce ƙololuwar labarin, kuma gajeruwa ce. Ta gan shi, ta san ya zama mutum, ba da daɗewa ba ta rasu. Akwai gwaninta a nan, domin rayuwarta ta riga ta zama neman nan, da ya ƙare sai ta ƙare. Amma akwai kuma sauƙaƙa wa kai. Mutuwarta ta kuɓutar da marubuci daga abin da ya fi wuyar rubutawa, wato yadda tsohuwa Bahaushiya da ta sha ƙangin bauta za ta zauna da shaihin da ya tashi cikin Larabawa, wanda ta haifa amma ba ta sani ba. Da wane suna za ta kira shi? Kunyar nan za ta dawo ne, ko hamada ta cinye ta? Littafin bai ba su lokacin da za mu gani ba.

Har ila yau, duk abin da muka sani game da ita daga bakin Umar muka ji shi, shi kuwa bai ga ko ɗaya daga cikin wahalolinta da idonsa ba. Zullumin uwa ya iso gare mu ne bayan ya ratsa ta bakin ɗa namiji, malami, yana zaune a gaban almajiransa, inda shi ma kunya da girma ba za su bar shi ya faɗi komai ba. Kunya biyu ke nan a kan juna. Wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fitar daga littafin, wanda aka buga a 1975, da fim ɗin Adamu Halilu na 1976, wanda aka gyara aka sake nunawa a Balin a 2018, sun rage wannan shamaki ta wata fuska, domin a dandali dole uwar ta tsaya da jikinta a gan ta. Bayan rasuwarta kuma Umar bai zauna a Kagara ko Fatika ba, a Rauta ya kafa makaranta. Gida a wurinsa ba gari ba ne, mace ce, kuma an binne ta a bakin teku.

5.0 Bayan Zamanin Hari

Hari ya wuce, amma tafiya ba ta wuce ba. Fatauci zuwa Gwanja, da aikin haji a ƙasa wanda ya bar dubban Hausawa a Sudan, da aikin soja da ya kai samari Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, da zaman Sabo a Ibadan wanda Abner Cohen ya yi nazarinsa a littafinsa na 1969, duk sun ci gaba da raba uwa da ɗa. Mafi yawa kuma shi ne cin rani. A nan zullumin uwa yana da kalanda. In an gama kaka an cika rumbu, saurayi ya tafi, ba wanda zai ce uffan, domin tafiyarsa ragin baki ne ga hatsin gida. Damuwa tana farawa ne ran da aka yi ruwan shuka, 'ya'yan maƙwabta suka dawo, nata bai dawo ba. Kuma ba kewa kaɗai ba ce. Polly Hill, a nazarinta na Ɓatagarawa (1972), ta yi dogon bayani a kan gandu, wato noman da uba yake yi tare da 'ya'yansa manya. Ɗan da bai dawo ba fartanya ɗaya ce ta ragu a gona, kuma shi ne jinginar uwa in miji ya mutu ko aure ya ƙare. Uban zai iya fita dandali ya yi faɗa, ya ce ya sallama shi. Uwar tana cikin gida tana surfe, ba ta da ikon ko ɗaya.

Abin mamaki shi ne yadda rubutaccen zube ya bar wannan fili kusan babu shuka. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, ya ɗauki matsalar ƙaurar samari daga ƙauye zuwa birni gadan-gadan, amma gargaɗi ne ga mai tafiya, idon labarin yana birni inda ake lalacewa. Da mata suka karɓi alƙalami aka fara jin uwa daga ciki. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), Rabi ce tsakiyar labari, ita da 'ya'yanta tara bayan miji ya kore ta, muna ganin yadda take dafa abincin sayarwa tana lissafin kwabo. Sai dai Rabi 'yar birnin Kano ce, 'ya'yanta kuma suna kusa da ita. Uwar ƙauye mai jiran ɗan da ya tafi ba ta sami irin wannan littafi a cikin waɗanda aka fi karantawa a makarantu ba.

Inda muryarta take da ƙarfi shi ne adabin baka. Waƙoƙin daka da na niƙa da na reno fili ne da al'ada ta yarje wa mace ta faɗi abin da ba ta faɗa a zance, ta hanyar habaici da zambo da kirari, domin abin da aka faɗa a bakin turmi ba a kama mutum da shi. Mai son ya fahimci shirun uwar Umar, can ya kamata ya kai kunnensa, tun kafin injin niƙa ya ƙarasa kashe dutse.

Zamani ya sauya hanyar saƙo. Da fatake ne, sai wasiƙar da malamin makaranta yake karanta wa tsohuwa a zaure, sai kaset da direban mota yake kawowa, sai wayar hannu da ta bazu bayan 2001, wadda ta sa uwa take jin muryar ɗanta daga Legas ko Fatakwal, ko da yake da yawa har yau sai su miƙa wa ƙaninsa wayar su tsaya a gefe suna saurare. Wani abu kuma ya dawo wanda masu karatun shekarun 1970 suka ɗauka ya zama tarihi. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a Kagara ta Jihar Neja, gari mai suna ɗaya da garin da aka sace Umar, kuma kalmar fansa ta koma bakin mutanen karkara a Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja. A ƙauyuka da dama na waɗannan jihohi zullumin ya zama ta fuska biyu: uwa tana tsoron hanyar da ɗanta zai biyo ya zo gida, har takan aika masa cewa kada ya zo Sallah, shi kuwa yana can yana kwana da waya a kusa da kunne saboda ita.